Zancen Shuka Wiwi A Cikin Ɗaki

A cikin wasiƙun da suka iso wannan shafi kwanan nan akwai guda uku, daga wajen Ɗambatta da Bichi da Minjibir, duk magana ɗaya su ke yi. Wai samari sun ɗauki wani zance a dandali da bakin kasuwa, cewa a ƙasashen Turawa mutum ya kan sayi irin tabar wiwi da a ke kira indika, wanda aka sarrafa shi har ko wace ƙwaya in ta tsiro mace ce, ya shuka cikin ɗakinsa, ya kunna mata fitila, bayan 'yan watanni ya sami kuɗin da manomin gero ba ya samu a shekara. Masu wasiƙun, malaman makaranta biyu da akawu ɗaya, suna tambaya ko gaskiya ne, kuma me za su gaya wa yaran. Zan faɗi abin da na sani, amma tun da wuri ku sani ba koyar da sana'ar na zo yi ba.

Da farko dai, zancen mace da namiji a cikin tsiro ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowa ya san namijin gwanda, wanda ya kan yi fure ba ya 'ya'ya. Giginya haka ta ke, dabino ma haka, har masu lambunsa su kan ɗebo furen namijin su kai wa macen don ta yi barbara. To, wiwi ma daga cikin irin waɗannan ta ke. Abin da ke sa maye, wanda likitoci ke kira THC, ya fi taruwa cikin wani danƙo da ke jikin furen macen. Muddin ba ta sami barbara ba, sai ta yi ta zubo danƙon nan. Saboda haka masu wannan harka ba su son namiji ko kusa. A ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwar iri na ƙasar Holan suka fara sayar da ƙwayar da kusan duk abin da ta fitar mace ce. Sunan indika kuwa wani masani Bafaranshe, Lamarck, shi ya raɗa shi a 1785, don samfurin da ya duba daga Indiya ya fito. Yau 'yan kasuwa suna kiran gajeruwar wiwi mai faɗin ganye, wadda asalinta duwatsun Afganistan ne, da wannan suna. Gajartarta ce ta sa ta shiga ɗaki.

Watau labarin yana da tushe. Jamus ta yarda wa baligi ya shuka gindi uku a gidansa tun watan Afrilu na 2024, Kanada kuwa tun 2018 ta yarda da gindi huɗu ga gida ɗaya a yawancin lardunanta. Amma wanda ya kawo wa samarinmu labarin rabinsa ya kawo.

Ku duba dalilin shiga ɗakin. Mutanen nan sun shiga ne don abu biyu, ɓuya daga 'yan sanda da rashin rana, gama hunturunsu dogo ne mai duhu. Sai su sayi rana da kuɗi. Fitilu masu ƙarfi suna ci mafi yawan dare da yini, ga injin fitar da zafi, ga na sauya iska. Wani mai bincike a Amurka, Evan Mills, ya ƙiyasta a 2012 cewa wannan noman ɗaki kaɗai yana cin kashi 1 cikin 100 na dukan wutar lantarkin ƙasarsu. Yanzu ku kawo wannan lissafi ƙauyenmu, inda malami ke duba littattafan yara da tocilan, inda mai injin markaɗe ke kuka da tsadar mai. Allah Ya ba mu rana kyauta har muna neman inuwa, sa'an nan a ce mu kulle tsiro cikin soro mu saya masa rana da man fetur? Ni dai ban taɓa jin ciniki mai wauta kamar wannan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne zancen irin. Ƙasar nan tamu da ta kewaye birnin Kano, daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa zuwa Gezawa har Ɗambatta, sananniya ce wurin masana na duniya. Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ya ga mutane cunkus, gona na jikin gona, kusan ba a barin saura, amma ƙasa ba ta mutu ba. Me ya riƙe ta? Taki ne da a ke kwasowa daga turke da garke, da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni cikin mangala bayan sun kai itace. Gawo ne da ke kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka haske. Wake ne da gyaɗa tsakanin kunyoyin gero da dawa. Sa'an nan iri. Ko wane magidanci in an yi girbi ya kan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ware, ko yunwa ta matsa ba a taɓa ta, domin ita ce gonar baɗi. Irin da kakansa ya zaɓa shi ya ke shukawa, shi kuma zai bar wa ɗansa.

To, ga wani noma da manufarsa duka ita ce a hana tsiro haihuwa. Wanda ya yi shi, in ya gama, ba shi da abin da zai ajiye a rumbu. Sai ya koma wurin ɗan kasuwar da ke bayan teku, ya biya da kuɗin waje, ƙwaya ƙwaya a ke ƙirga masa. Babu harawa ga tumaki, babu kara na darni, babu tsaba ko ta kunu. Manomin da ya saba abu ɗaya ya ci da shi da iyalinsa da dabbobinsa da gonarsa, lalle ya yi tunani kafin ya kira wannan noma.

Sai doka. Nan babu wani kewaye-kewaye. Masu tarihi da yawa suna cewa wiwi ta bazu a Nijeriya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da komowar sojoji daga Indiya da Bama. A 1966 gwamnatin soja ta kafa doka wadda ta yanke wa mai shuka ta kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. An sassauta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, watau NDLEA, dokarta kuwa ta tanadi har ɗaurin rai da rai ga mai shukawa. Dokar ba ta bambanta gona da ɗaki ba, ba ta kuma bambanta mace da namiji ba. Gaskiya ne a 2019 Gwamnan Ondo na lokacin, Rotimi Akeredolu, ya nemi a halatta noman don magani da sayarwa waje, ya kai har ƙasar Tailan don ya gani da idonsa. Ba a halatta ba. Ita Tailan ɗin ma, da ta saki abin a 2022, a 2025 ta komo ta ce sai da takardar likita.

Mai cewa ai cikin ɗaki ne, wa zai sani, ya manta inda ya ke zaune. A dazukan Ondo da Edo a ke ɓoye manyan gonakin wiwi, duk da haka hukuma na gano su tana ƙonewa. Mu nan ina daji? Katangarka ita ce ta maƙwabcinka, in matarka ta soya albasa gida biyar sun ji. Tsiron nan kuwa warinsa ya fi na albasa nisa.

Ga malamai kuma, abin da ya kamata ku fi kula da shi shi ne ƙarfin abin. Duk wannan wahala ta zaɓen mace da kunna fitila don a ƙara maye ne. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga wani bincike da aka yi a wurare 11 na Turai da Barazil, aka ga mai shan wiwi kullum ya fi wanda ba ya sha haɗarin taɓin hankali kamar sau uku, in kuwa mai ƙarfin ce ya ke sha kullum, haɗarin ya kusa sau biyar. Mu kuwa da ma muna cikin ruwa. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ta nuna mutum wajen miliyan 10.6 ke shan wiwi a Nijeriya, ta kuma sa Kano cikin jihohin da shaye-shaye ya fi yawa. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ba ya bukatar a karanta masa lissafi.

Wani zai ce ai ba giya ba ce. Magabata sun riga mu wannan muhawara. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku cikin littafinsa Alfuruƙ, ya sa hashisha, watau wiwi, cikin masu ɓata hankali, ya ga mai shanta horo ya kamace shi, ba haddin giya ba. Ibnu Taimiyya kuwa ya ce abin maye ce sosai, haddi ya hau mai shanta. Saɓaninsu a kan irin hukuncin ne. Babu ɗayansu da ya halatta wa mutum ya gusar da hankalinsa da ita.

Ban ce samarin nan ba su da hujjar neman mafita ba. Gonar da uba ɗaya ya noma yau 'ya'ya bakwai ke rabonta, buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, rani kuma dogo ne. Amma wanda ke da kuɗin sayen fitilu da inji da mai, ai yana da kuɗin injin ban ruwa da hayar fili a bakin dam ɗin Tomas ko na Watari, inda tumatir da albasa da alkama ke fita da rani, a kai su kasuwa da rana tsaka. Ridi da zoɓo ma ga 'yan kasuwar Dawanau nan suna saye suna aikawa ƙasashen waje.

Malamin Bichi ya ƙara da tambaya ko ya kai ƙarar yaran da ya ji suna wannan zance. Ni a ganina zance ba laifi ba ne tukuna. Ya kira su ya zauna da su, ya ba su alli su yi lissafin man da fitilun za su ci a wata uku, su kuma rubuta shekarun da doka ta yanka a gefe. In ya ga wani ya wuce zance ya fara tambayar inda a ke samun ƙwayar, sai ya sami mahaifinsa a keɓe kafin maganar ta kai kunnen mai unguwa.