Sharhi: Shararmu Takinmu Ce



Duk wanda ya tashi a Barkiya ko ƙauyukan Kurfi ya san aikin rani: a kwashe juji, a loda wa jaki a mangala ko a cika amalanke, a kai gona a jibge tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwaso sharar birni haka, shi ya sa suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba.

Yau ga shi duniya ta dawo kan wannan hanya, da nata dalilin. Idan ɓawon kayan miya, ragowar tuwo da tumbin dabbobin mahauta suka danne a ƙarƙashin bola inda iska ba ta shiga, ruɓewarsu tana fitar da iskar da masana ke kira miten. Cikin shekara 20, ƙarfinta na riƙe zafi a sararin sama ya ninka na hayaƙin kabon fiye da sau 80. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021, ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Amma idan aka tara sharar nan, aka gauraya da toka, kashin awaki da ƙaiƙayi, ana yayyafa ruwa ana juyawa, iska na ratsa ta, sai ta ɗau zafi, ta nuna cikin 'yan watanni, ta zama baƙin taki marar wari. Zafin kuma yana kashe irin ciyawa da yawa.

Leda ce ta ɓata mana al'adar. Sharar garin Dutsin-Ma a yau cike take da ledar ruwa, fasassun kwalabe da matattun batura. Manomi ya kai gona, garma ta yi ta tono leda, akuya ta ci ta kumbura. Wanda ya gaji sai ya cinna wa bolar wuta, yara su sha hayaƙi. Abin takaici, wannan na faruwa ne a lokacin da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, musamman tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tada farashi.

Gyaran daga gida yake farawa: mazubi biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da kwalba. Sauran kuma yana wuyan ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma. Su ware fili kusa da kasuwa da mahauta, su ɗauki matasa aikin tacewa da juyawa. Masana aikin gona na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su gwada takin, su faɗa wa manomi buhu nawa kadada ke buƙata, a sayar wa masu noman rani na madatsar Zobe da manoman gero da dawa na Barkiya kafin damina mai zuwa.