Damina da Rumbun Manomin Kalmalo

Akwai wata al'ada da ta shige mu, watau da zarar an ce bana an sami ruwa da yawa, sai mu yanke hukunci cewa kaka za ta yi albarka. A ganina wannan kuskure ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe hauya a Kalmalo, cikin ƙasar Illela, ya san haka.

Daminar wannan yanki gajeruwa ce. Galibi takan zauna a watan Yuni, ta ɗauke cikin Satumba, gero kuwa yana bukatar wajen kwana 90 kafin ya nuna. Saboda haka rabon ruwan a cikin waɗannan kwanaki ya fi jimillarsa muhimmanci. Alal misali, manomi ya yi binne, ruwan farko ya sauka, iri ya tsiro, sa'an nan sama ta yi shiru mako uku. To, a jigawa wannan shuka ta ƙone, sai a sake wata, da irin da watakila rance aka ciwo. Wanda ya sake shuka kuwa ya riga ya ci bashin kwanaki, domin ƙarshen damina ba ya jiran kowa. Mafi muni shi ne ruwa ya yanke lokacin da gero ke bununi: kara ya yi tsawo, gona ta yi kyan gani daga bakin hanya, amma zangarniya ba ƙwaya. Dawa da maiwa, da yake sun fi jinkiri, su ne kan fara shan wuya in ruwa ya ɗauke da wuri. Marka ma in ta yi yawa takan hana maimai, ciyawa ta danne hatsi.

A da, mutanen Kalmalo suna da abin dogaro in damina ta gaza, shi ne tafkinsu, wanda kogin Majiya ke kawo wa ruwa daga ƙasar Nijar. Wanda rumbunsa bai cika ba sai ya koma lambu da su. Farin 1973 da na 1984, da madatsun ruwan da aka gina wa lambunan Birnin Ƙonni, sun rage abin da ke isowa tafkin. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar ta ambaci rabon ruwan wannan kogi, amma takarda ba ta shayar da albasa.

Hukumar hasashen yanayi tana fitar da bayani kowace shekara game da faɗuwar damina da ɗaukewarta da tsawon farin da ake tsammani a tsakani. Wannan shi ne ainihin abin da manomi ke son ji. Sai dai milimita ba ma'auninsa ba ce. Shi taƙi ɗaya ko biyu na laima yake tonawa ya gani kafin ya saki iri. Fassara hasashen nan zuwa harshen binne da firi da bununi aikin Sashen Hausa ne, kuma ya kamata ta isa Kalmalo tun watan Afrilu, kafin a fitar da iri daga rumbu.