Rumbun Manhaja Ba Bayani, Asara Ce Mai Jiran Rana

Tun daga ran 1 ga watan Oktoba na 1996, sa'ad da aka yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, garin Gombe yake ta bunƙasa, makarantu kuma suna ta ƙaruwa. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 1996 da shekara takwas, watau a 2004, kana aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011. Kowace shekara waɗannan makarantu suna yaye samari da 'yan mata da suka koyi rubuta manhaja, watau umarnin da kwamfuta take bi ta yi aiki. Da yawansu kan ƙirƙiri 'yan ƙananan manhajoji don biyan bukatar kansu ko ta wurin aikinsu: wannan ta tattara sakamakon jarrabawa, waccan ta ƙidaya maganin da ya rage a kanti, wata kuma ta kwafe takardun ofis kowane dare don gudun ɓata. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma akwai wani gyara guda da ya kamata a yi tun da wuri, shi ne rubuta bayanin abin da aka ƙirƙira.

Domin mai karatu ya gane inda maganar ta dosa, sai a fara da bayanin rumbun manhaja. A 2005 ne Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan wanda ya fara rubuta Linux, ya ƙago wata dabara mai suna Git. Aikinta shi ne riƙe tarihin rubutu: duk gyaran da aka yi sai ta ajiye abin da aka sāke, da sunan wanda ya yi, da ranar da ya yi, da dalilin da ya bayar. In gyaran yau ya ɓata aiki, ana iya komawa ga na jiya ba wata wahala. Daɗin daɗawa, Git tana aiki ko babu intanet, domin kowane mai aiki yana riƙe da cikakken tarihin a kwamfutarsa, sai sadarwa ta samu ya aika. Wannan kuwa ya dace da wurin da wuta da sadarwa kan ɗauke ba sallama. A 2008 aka buɗe GitHub, inda mutane ke ajiye irin waɗannan rumbuna don wasu su gani su kwafa, kuma a 2018 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala miliyan 7,500.

To, sai dai fa Git ba ta tilasta wa kowa ya yi bayani. Mutum yana iya cika rumbu maƙil, ya buɗe wa abokansa ƙofa, amma ba wanda zai san inda zai fara taɓawa. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san kundi, inda malam yake tara fa'idodi da 'yan rubuce-rubucensa na shekara da shekaru. Sau da yawa in malam ya rasu aka buɗe gafakarsa, sai magada su tarar da tarin takardu, ba a san na farko ba balle na ƙarshe, domin mabuɗin yana cikin kansa, ya kuwa tafi da shi.

Amma masu kwafar littattafai na dā sun bi wata hanya dabam. Da yake ba a ɗinke takardun ba, sai su rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da suke kai, don kada jeri ya rikice. A gefe kuma malamai da almajirai sukan fassara kalmomi masu wuya da ajami, da Hausa ko da Fulatanci. A ƙarshen littafi mai kwafa yakan ambaci sunan littafin, sau da yawa har da sunansa da na mai shi. Albarkacin wannan kula ne ake karanta littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello har yau, bayan shekara ɗari biyu. Masarautar Gombe kanta malami ne ya kafa ta, Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu. Saboda haka rubuta bayani gādo ne ga 'ya'yan wannan gari.

A ɗauka, alal misali, an turo wani ɗan bautar ƙasa wata makaranta a Tudun Wada ko Pantami, ya rubuta manhajar da ke fitar da sakamakon ɗalibai, kowa yana murna. Shekara ta cika ya koma garinsu. Ranar da kwamfutar ta lalace, aka sayo sabuwa, ba wanda ya san abin da za a fara sakawa, ko inda makin yara yake ajiye. Sai a koma lissafi da hannu, ko a biya wani ya sake aikin daga tushe. Asarar a nan ba ta tsaya kan kuɗi ba, ta haɗa da sakamakon 'ya'yan mutane.

Kada kuma wani ya ce ai 'yar ƙaramar manhaja ce, don kansa ya yi ta. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya yi fushi saboda wata jayayya a kan suna, ya janye manhajojinsa fiye da 250 daga rumbun da ake kira npm. A cikinsu akwai wata mai suna left-pad, wadda duka-duka layi 11 ce. Nan take ayyuka dubbai suka tsaya a duniya, domin an ɗora su a kanta, galibi ba tare da masu su sun sani ba. Abin da mutum ya raina yau, gobe yana iya zama ginshiƙin ɗakin wani.

Me ya kamata a rubuta ke nan? Na farko, takardar gabatarwa wadda masu sana'ar ke kira README. A cikinta za a faɗi abin da manhajar ke yi, da abin da ba ta yi, da wanda aka yi dominsa. Na biyu, matakan kafa ta a sabuwar kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, har da sauran manhajojin da take dogara da su da lambar fitowarsu. Gwajin wannan bayani mai sauƙi ne: a miƙa wa wanda bai taɓa ganin aikin ba, a yi shiru, duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne bayanin ya gaza. Na uku, dalilin kowane gyara. Rubuta "an gyara" bai amfana wa kowa kome ba, sai a ce an gyara kaza saboda kaza. Na huɗu, lasisi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta sa manhaja cikin rubutattun ayyukan da take kārewa, don haka rumbun da ba lasisi, ko da a buɗe yake, ba a bai wa kowa iznin kwafa ba. Lasisin MIT ya yarda a yi amfani da aiki yadda aka ga dama muddin an bar sunan mai shi, na GPL kuwa ya shardanta cewa wanda ya gyara ya rarraba, lalle ne shi ma ya buɗe nasa.

Akwai kuma abin da bai kamata ya shiga rumbu ba ko kusa, watau kalmomin sirri da bayanan mutane. Tun da Git ba ta mantuwa, abin da aka goge yau yana nan kwance cikin tarihi. A 2016 ɓarayin intanet sun tsinci mabuɗan kamfanin Uber a wani rumbunsa na GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. A nan gida kuma dokar kāre bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai riƙe da bayanan wasu. Har wa yau, kada a dogara da ma'aji ɗaya: kamfanin Google da kansa ya rufe nasa ma'ajin, Google Code, a 2016.

Wasu kan ce rubuta bayani ɓata lokaci ne, wasu kuma na tsoron in sun bayyana sirrin aikinsu za a daina nemansu. Amsar na farko ita ce, wanda zai fara cin moriyar bayanin shi ne mai rubutun da kansa, ranar da ya dawo wa aikinsa bayan wata shida ya tarar ya mance. Na biyun kuwa su dubi aikin NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokansa suka yi. Sun tattara gajerun saƙonni na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, suka ajiye a buɗe tare da bayani, sai ga masu bincike na ƙasashen waje suna ɗorawa a kai suna ambaton sunansu. Ai kyauta ba ta rage dukiyar ilmi.

Ba kuma dole ba ne bayanin ya tsaya ga Turanci. In magatakardan da zai riƙa amfani da manhajar ya fi sakewa da Hausa, sai a rubuta masa da Hausa, kamar yadda malaman dā suka yi a gefen shafi.

Ya kamata malaman jami'o'in nan biyu su riƙa ba da maki a kan bayani kamar yadda suke bayarwa a kan manhajar kanta. Ma'aikatu da makarantu da asibitoci kuma, duk lokacin da suka ba da kwangilar irin wannan aiki, su sa sharaɗin cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an miƙa rumbu da bayaninsa, wani dabam ya gwada ya ga ya tashi. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to, dabarar masu kwafar littattafai ita ce maganin wannan ciwo na zamani. Allah ya sa a gyara tun kafin a yi asara.