Wai Ƙuri'ar Karaye Da Rogo Ta Hakimi Ce? Raddi Ga Masu Wannan Iƙirari

Akwai wata magana da masu sharhin siyasa na birnin Kano suke ta maimaitawa, har ta kusa zama karatun allo. Wai ƙasar Karaye da Rogo gidan 'yan ra'ayin riƙau ne tun fil azal. Wai Sawaba, wato NEPU, abar birni ce, shi kuwa baƙauye inda hakimi ya nuna can yake jefa ƙuri'a. Hujjojinsu uku ne: NPC ta cinye karkara a Jamhuriya ta Farko, NRC ta ci Kano a 1991, ANPP kuma ta yi mulkin shekara takwas. Iyakar jarinsu ke nan, in ka cire tsawa da buga tebur.

Mu fara da ta farkon, tunda a kanta suka kafa gininsu. Ba wanda ya musa cewa NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta Sardauna, ta yi rinjaye. A zaɓen tarayya na 1959 ta sami kujeru 134 cikin 312, NEPU kuwa takwas kacal. Amma Malam, wane irin zaɓe? Na 1951 ma ba kai tsaye aka yi shi ba, hawa-hawa ne: a zaɓi wakilai a ƙauye, su zaɓi na gunduma, su kuma su zaɓi na lardi, sannan aka ba En'e, wato hukumar gargajiya, damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe. NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a Kano, amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta fita da ita ba. Wannan ra'ayin talaka aka auna, ko ƙarfin mai riƙe da sanda?

Ko bayan an koma zaɓen kai tsaye, a duba halin manomin da ke ƙasar hakimi a lokacin. Dagacin da ke karɓar harajinsa na En'e ne. Ɗan dokan da zai kama shi na En'e ne. Alƙalin da zai yanke masa hukunci, da gidan yarin da za a kai shi, duk na En'e ne. Izinin yin lacca ma wajenta ake nema. Ranar zaɓe kuma kowane ɗan takara da akwatinsa, ga mai fartanyar NPC ga mai tauraron NEPU, mutum ya shiga da takardarsa yana sane cewa gobe da safe zai durƙusa a ƙofar gidan dagaci, kuma gonar da yake nomawa ba ta da wata takarda sai shaidar mai unguwa. Wanda aka sani da ɗan Sawaba ne, a ninka masa haraji ko a ɗaure shi kan zagin sarakuna. Ga kuma babban giɓin da masu sharhin nan suke tsallakewa kamar ba su gani ba: matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ko sau ɗaya ba a duk tsawon Jamhuriya ta Farko. Rabin jama'a na cikin gida, sauran rabin na ƙarƙashin idon ɗan doka, sannan a zo a ce mana an san zuciyar mutanen Rogo. Haba!

Gwaji na gaskiya ya zo a 1979, bayan an raba En'e da 'yan doka da kotuna, an yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, mata kuma sun shigo layi. Me ya faru da NPN, magajiyar NPC, mai gida da masara? Ɗan takararta Alhaji Shehu Shagari ya sami kashi 19.94 cikin ɗari a Jihar Kano, Malam Aminu Kano na PRP ya haura kashi 76. Wannan faɗuwa ce ma ta haifi shari'ar nan ta "sha biyu da biyu bisa uku" da ta kai Kotun Ƙoli, don Kano ce jiha ta goma sha uku da Shagari ke buƙata, amma ya kasa samun kashi ɗaya bisa huɗu a cikinta. PRP ta kwashe kujerun sanata biyar na jihar duka, Abubakar Rimi ya zama gwamna. Kano ta wancan lokaci har da Jigawa ta yau, jiha ce ta manoma. A ina za a samo kashi 76 in ƙauye bai ɗauki mabuɗin PRP ba? Fagge da Kurna ne suka haifi ƙuri'un? Kuma me Rimi ya fara yi? Soke haraji da jangali. Ba ɗan kasuwar Kwari ne ya fi jin daɗin wannan ba, mai garma ne da mai shanu.

Hujja ta biyu ba ta kai ta farkon ƙarfi ba. Kabiru Gaya ya ci gwamna a NRC a Disambar 1991, gaskiya ne, amma kowa ya san rikicin ɓangarorin Santsi da Taɓo ne ya raba SDP gida biyu, wasu 'yan jam'iyyar suka yi wa ɗan takararsu Magaji Abdullahi zagon ƙasa. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 12 ga Yunin 1993, Bashir Tofa na NRC, ɗan Kano, ya sha kaye a jiharsa a hannun Abiola na SDP. Ina gidan gadon yake?

ANPP kuwa, Malam Ibrahim Shekarau ya ci a 2003 cikin guguwar Buhari da batun Shari'a, ya maimaita a 2007, a 2011 Kwankwaso ya dawo ya karɓe. Kuma da yawa daga jiga-jigan ANPP tsoffin 'yan PRP da SDP ne. Shi kansa Magaji Abdullahi mataimakin Shekarau ya zama. A kira wannan jikar NPC, sai dai in suna ake bi.

Wasu kan ƙara da batun masarauta, wai inda sarki yake nan ƙuri'a take. Gwamnatin APC ta Ganduje ce ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019. A 2023 kujerar majalisar wakilai ta Karaye da Rogo NNPP ta tafi, Kawu Sumaila kuma ya kayar da Kabiru Gaya a Kano ta Kudu bayan Gayan ya yi shekara 16 a Majalisar Dattawa. Sandar sarki ba ta tare ko ɗaya ba.

Batun sauya sheƙar da zaɓaɓɓu kan yi daga baya, wannan a tambayi su masu sauyawar. Talaka bai sa hannu ba.