Bayan An Ɗinke Fuska, Wa Ke Komawa Ya Duba?

Duk wanda ya taɓa zama a tashar motar Illela da sassafe ya san irin fasinjan da nake nufi: uwa riƙe da hannun yaro, an naɗe masa rabin fuska da mayafi ko rawani, alhali babu sanyi babu hazo. Ba ta ciniki da direba, ba ta shiga hirar 'yan mota. Sakkwato za su, tafiyar da ta ɗan wuce kilomita 80 ta Gwadabawa da Kware. Wasu daga ƙauyukan kusa suke, wasu kuma sun tsallako ne daga Ƙonni, garin da ke maƙwabtaka da Illela a ɓangaren Nijar. Abin da ke ƙarƙashin mayafin shi ne dalilin wannan rubutu.

Da an ambaci tiyatar gyaran jiki, hankalin yawancinmu kan tafi ga 'yan fim da masu kuɗin da ke son rage hanci ko ɗame fata. Wannan ɓangare ne kawai, kuma ba shi ne tushen fannin ba. Fannin ya girma ne a hannun likitocin da ke mayar wa mutane abin da wuta, ko harsashi, ko cuta ta ɗauke. Harold Gillies, wanda ake ɗauka uban fannin na zamani, a kan fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙware, a Ingila. Mu kuwa namu yaƙin sunansa noma.

Sunan kan rikita Bahaushe, domin a wurinmu noma sana'a ce mai albarka. Wannan kalmar daga Girkanci ta fito, kuma tana ɗauke da ma'anar abin da ke cinyewa yana yaɗuwa. Ma'aikatan lafiya kan ce zaizayar baki, a karkara kuwa ana jin ciwon iska ko ciwon daji. Takan fara da kumburin dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, galibi wanda tamowa ta raunana, ko ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin 'yan kwanaki sai ta ci kunci, ta ci leɓe, wani lokaci har hanci da ƙashi. Idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Idan ba a yi magani ba, ana ƙiyasta cewa takan kashe har 9 cikin 10. Ke nan yaran da muke gani a tasha su ne 'yan tsirarun da suka tsira.

Sakkwato na da matsayi na musamman a tarihin wannan cuta. Tun 1996 likitocin fiɗa daga Jamus da Holan suka fara zuwa aiki, kuma a 1999 aka buɗe Asibitin Yara Masu Cutar Noma, inda ake yin magani kyauta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa masa a 2014. A nan ne likitan Holan Klaas Marck da abokan aikinsa suka tsara ma'aunin da ake kira NOITULP, wanda ke ba da maki ga yawan abin da aka rasa na hanci, da wajen kunci da cikinsa, da leɓen sama da na ƙasa, da kuma yadda muƙamuƙi ya ɗaure. Da irin wannan ma'auni likita kan yanke shawarar inda zai yanko fata mai jijiyarta ta jini, daga goshi ne, ko ƙirji, ko ƙarƙashin haɓa, ya juyo da ita ya rufe ramin. Aiki ne na haƙuri, sau da yawa ba a gama shi a fiɗa ɗaya. Nijeriya ce kuma ta jagoranci ƙasashen da suka nemi Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, aka amince a watan Disamba na 2023. Duk wannan abin alfahari ne, ban kuwa zo rage masa daraja ba.

Damuwata tana wani wuri. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda ake yankawa da ɗinkewa, amma kaɗan ne ƙwarai a kan abin da ke faruwa da fuskar bayan shekara uku ko biyar. Hoton da aka saba nunawa shi ne na kafin fiɗa da na bayanta da 'yan makonni, lokacin da ɗinki ya kama, kowa na murmushi. To amma tabo ba ya tsayawa inda likita ya bar shi. Yakan ja, yakan ƙanƙance, yaro kuma yana girma, fatar da aka dasa ba lallai ta bi girmansa ba.

Mafi wuya shi ne ɗaurewar muƙamuƙi. Tabon noma kan haɗe muƙamuƙin sama da na ƙasa har yaro ya kasa buɗe baki, sai dai a tura masa kunu ta gefen haƙori. Likita zai iya saki a ɗakin fiɗa, baki ya buɗe sosai, amma idan ba a dage da atisayen buɗe baki na watanni ba, sai ya koma gidan jiya. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya koma ya nemo mutum 36 da aka yi wa wannan aiki, ya tarar cewa ga mafi yawansu buɗewar ba ta ɗore ba. Wani kuma na 2020 ya duba mutum 37 da aka yi wa fiɗa a Sakkwato bayan wata 18. Ku lura da alƙaluman: 36 da 37, a asibitin da ya shafe sama da shekara 20 yana aiki. Ban ga laifin masu binciken ba, sun yi abin da wasu ba su yi ba. Ƙarancin adadin ne ke nuna wahalar gano majinyaci da zarar motarsa ta bar Sakkwato.

A nan Illela ta shigo. Mahaifin da ya kawo ɗansa sau ɗaya ya riga ya sayar da akuya ko buhun gero. A ce masa ya dawo bayan wata shida a auna bakin yaro da ma'auni, ba tare da an ba shi ko ƙwaya ba, magana ce da ba za ta shige shi ba, musamman da damina. Ga kuma iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. 'Yan kasuwa sun san ɓarauniyar hanya, takardar asibiti ba ta sani ba. Yaron Ƙonni da aka yi wa aiki a Sakkwato ya ɓace daga lissafin Nijeriya, bai kuma shiga na Nijar ba, duk da cewa can ma akwai masu wannan aiki, kamar gidauniyar Sentinelles a Damagaram. A Damagaram ɗin ne masana daga Janiba suka yi ɗaya daga cikin manyan bincike kan musabbabin cutar. Yare ɗaya, dangi ɗaya, cuta ɗaya, amma rajista biyu da ba sa magana da juna.

Za a ce, kuma da gaskiya, kuɗin da za a kashe wajen bin sawun waɗanda aka riga aka yi wa aiki gara a zuba shi a rigakafin ƙyanda da abincin yara. Na yarda rigakafi ne gaba, domin noma ta bar Turai ne sa'ad da yunwa ta ragu, ba don gwanintar wuƙar likita ba. Sai dai waɗanda suka tsira suna nan da ransu, ana kuma ci gaba da yi musu fiɗa. Idan wata dabara ba ta ɗorewa, yaro ya sha azabar banza, an kuma ɓata wa wani gurbi. Rashin sanin haka shi ma asara ce, ba a dai rubuta ta a kasafi.

Bibiyar kuma ba ta bukatar baƙo daga Turai. Baƙon likita makonni kaɗan yake yi ya koma, ba shi zai san ko yarinya ta koma makaranta ba, ko har yanzu yawu na zuba, ko ta daina rufe fuska. Wannan aikin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne da asibitin koyarwarta, da ɗalibanta masu neman abin rubuta kundin digiri, waɗanda ke jin Sakkwatanci ba tare da tafinta ba. Waɗanda suka tsira ma sun isa a zauna da su a teburin tsara tambayoyi; Mulikat Okanlawon, wadda cutar ta taɓa kuma take aiki a asibitin na Sakkwato, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Elysium ta masu irin wannan tarihi.

Abin da nake so in gani a Illela ƙarami ne: ma'aikaciyar jinya ɗaya da aka horar, da ma'aunin buɗe baki, da wayar ɗaukar hoto, da littafin rajista da takwararta ta Ƙonni za ta iya dubawa. A tsayar da ranar duba su ta dace da ranar kasuwa, tunda a ranar ce uban yaron zai shigo gari ko ba a kira shi ba.