Kwabon Yaro, Wa Ke Cin Ribarsa?

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa kafin a canja kuɗi a shekarar 1973, ko a birnin Kano ne, ko a Sabo ta Ibadan, ko a Agege ta Ikko, ba zai manta da darajar kwabo guda ba. A wancan zamani yaro in ya sami kwabo, ko taro, balle sisi, to, ya zama attajirin unguwa. Ba ya bukatar zuwa kanti. Yana fita ƙofar gida zai tarar da 'yan talla da farantansu: ga ƙuli-ƙuli, ga dakuwa, ga kantun riɗi, ga gyaɗa marau-marau, ga mazarƙwaila da alewa. In kuwa aljihu ya bushe, daji yana nan, domin goriba da aduwa da magarya da kurna da ɗinya da kanya kowace da lokacinta. Alkaki da nakiya da dublan kuwa sai an jira biki ko salla, shi ya sa har yau tsofaffi ba su daina ba da labarin daɗinsu ba.

Ba shakka tuna waɗannan abubuwa yana da daɗi, amma fa maganar ta wuce ta kwaɗayi. Abin tambaya shi ne: kwabon nan da yaro ya kashe, hannun wa ya shiga a da, hannun wa yake shiga yanzu?

A da amsar ba ta da wuya. Manomi ya noma gyaɗa, matar aure ta saya, ta soya, ta murje, ta daka, ta matse mai ta sayar, sa'an nan ta murza tunkuzar ta soya ƙuli-ƙuli. Watau daga mudun gyaɗa guda mutum uku ko huɗu sun sami abin sakawa a bakin salati, kuma kuɗin bai bar unguwa ba. Da wannan riba mace take zubin adashi, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi biki da zumunci ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi a 1972 inda ta nuna irin girman cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gidajensu, cinikin da baƙo ba ya gani in ya tsaya a kasuwa kawai. Kayan ƙwalamar yara suna cikin ginshiƙan wannan ciniki.

Sai zamani ya fara juyawa. A 1962 kamfanin UAC ya fito da Gala, wadda ta zama abokiyar tafiyar duk wanda cunkoson motoci ya tsare a titunan Ikko. A cikin waɗannan shekaru ne kuma kekunan Fan Milk suka fara fitowa daga Ibadan, a 1970 kamfanin Cadbury ya kawo alewar Tom Tom, biskitin Cabin da na Nasco na Jos suka shiga akwatin kowane ɗan makarantar kwana. Da kuɗin man fetur suka ƙaru, albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata a 1975, sai abin da aka naɗe a takarda mai ƙyalli ya zama alamar wayewa, abin da aka ƙulla a gida ya zama na ƙauyawa. A daidai lokacin ne kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Ke nan ƙuli-ƙuli ya sha duka biyu, an raina shi a kasuwa, an kuma rage masa gata a gona.

Daga nan kowane ƙarni na yara ya tashi da nasa yayi. Taliyar Indomie ta shigo ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, har ta kai ga mai shayi a bakin titi ba ya rasa ta a teburinsa. Bayanta sai lemon kwali da na roba, da madarar roba mai zaƙi, da cingam iri-iri. Yaro na yau yana iya lissafa sunayen biskit goma, amma a nuna masa aduwa sai ya tambaya mene ne wannan.

Babu mai hankalin da zai ce kafa masana'antu laifi ne. Sun ba dubban 'yan ƙasa aiki, suna biyan haraji, kuma sun koya wa jama'a cewa abin ci yana iya zuwa a rufe, babu ƙura babu ƙuda. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Biskit da taliya da burodi duk 'ya'yan alkama ne, alhali kuwa mafi yawan alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan daga ƙasashen waje jiragen ruwa suke kawo ta. Haka nan sukari, yawancinsa ɗanye ake shigowa da shi daga Brazil a tace a nan. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma ba a kai ko'ina ba aka janye hanin a 1992, domin abin da ake nomawa a Kadawa da kwarin Haɗeja da yankin Tafkin Chadi bai isa ba. Saboda haka duk ran da Naira ta faɗi, kamar yadda ta faɗi warwas daga 2023, sai biskit ya ƙanƙance a cikin ledarsa, kuɗinsa kuwa ya hau. Kwabon yaro da yake zagayawa tsakanin manomi da maƙwabciya, yau wani kaso nasa yana ƙetare teku.

Sa'an nan ga batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci a yini, in an rage shi zuwa kashi 5, watau wajen cokalin shayi shida ga babban mutum, ya fi kyau. To, a kwalbar lemo guda ana iya samun cokali takwas ko tara. Yaron da ya karya kumallo da lemo da biskit ya cika cikinsa, amma bai ci abin da zai gina jikinsa ba, kuma haƙoransa ne za su fara biyan bashin. Gwamnatin Tarayya ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi a cikin dokar kuɗi ta 2021, wannan kuwa shaida ce cewa hukuma da kanta ta ga inda aka dosa. Ƙuli-ƙuli da awara da kantu, su kam, gyaɗa ne da waken suya da riɗi, abinci ne mai gina jiki. Garin kuka da garin ɗorawa da yara suke lasa a da, magani ne a ɓoye cikin wasa.

Abin mamaki, abin da aka raina a gida shi ake nema a waje. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a ƙasashenta. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai buhu-buhu ake loda shi zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Ayar da yara suke taunawa a tsakar gida, a Balansiya ta ƙasar Sifen da ita ake yin abin shan da suke alfahari da shi. Ashe dai da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai kada begen jiya ya rufe wa kowa ido. Zamanin da ake yabo yana da nasa aibin. Farantin tallan nan a kan yarinya yake, yarinyar da ya kamata a ce tana aji, kuma sau da yawa talla ta jefa 'ya'ya mata cikin haɗarin da iyaye suka yi da-na-sani. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ba su bar wa kowa hujjar mayar da yarinya titi ba. Haka kuma tallan da yake buɗe ƙuda da ƙura suna sauka a kansa, kuma gyaɗar da ba ta bushe sosai ba tana yin fumfuna mai dafi, wadda likitoci suka tabbatar tana lalata hanta. Wanda ya ce a koma jiya kamar yadda take, bai yi wa yara adalci ba.

Abin da ake bukata shi ne a ɗauko alherin jiya a sa masa rigar yau. An riga an ga alama: kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli mai yaji sun shiga manyan kantunan Abuja da Ikko da Fatakwal a cikin gwangwani da leda mai suna, kuma mata da yawa suna sayar da alkaki da gullisuwa da tuwon madara ta wayar hannu ba tare da sun aiki yaro ko'ina ba. Waɗannan mata su ne ya kamata a dafa wa.

Saboda haka wajibi ne hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sauƙaƙa wa ƙananan masu sana'a hanyar rajista, ta kai jami'anta ƙananan hukumomi su koyar da tsabta da busar da gyaɗa, maimakon a bar mace ta yi ta safa da marwa a ofisoshi har ta gaji. Gwamnatocin jihohi su haɗa mata cikin ƙungiyoyin gama kai, a ba su rancen injin matse mai da na liƙe leda. Duk inda ake ciyar da 'yan firamare, kamar shirin da aka ƙaddamar a 2016, a sa ƙuli-ƙuli da awara da kunun gyaɗa a cikin tsarin, a kuma saya daga matan garin da makarantar take. Shugabannin makarantu su dubi abin da ake sayarwa a bakin ƙofarsu. Sarakuna da masu unguwanni kuwa su tsawata a kan sare goriba da aduwa da ɗorawa don gawayi, gama itacen da aka sare yau, jikoki ne za su rasa 'ya'yansa.

Amma babban nauyin yana wuyan iyaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshen yaro kuma abin da ya saba da shi yana ƙarami shi zai nema in ya girma. Uban da zai dawo gida da tsaraba, ya tuna cewa Naira ɗari biyun da ke hannunsa tana iya zama jarin wata gwauruwa a lungunsu. Ba a ce a hana yaro biskit ba, amma a bar shi ya san ɗanɗanon garinsu, domin nan da shekara arba'in shi ma zai zauna ya ba 'ya'yansa labarin abin da ya ci yana yaro. Allah Ya sa ya sami abin faɗa wanda ya fito daga gonar ƙasarsa.