Kai Yaro Kallon Ƙwallo: Sai Ya Kai Shekara Nawa?

Samarin da suka yi ta ihun "Sai Masu Gida" lokacin da Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, sannan ta jera shi sau uku a 2012 da 2013 da 2014, yau mafi yawansu magidanta ne masu 'ya'ya. Ba abin mamaki ba ne mutum ya so ɗansa ya gaji abin da yake so, shi ya sa duk ranar da ake wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba a rasa uban da ya saɓo yaro a kafaɗa, an sa masa riga kore da ruwan ɗorawa, alhali wani yaron ma ko sunan mahaifinsa bai iya faɗa daidai ba. Haka abin yake a Kaduna da Katsina da Bauchi da Maiduguri. Abin tambaya a nan shi ne, wai shin shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a shiga da shi cikin irin wannan taro?

Ra'ayinmu a fili yake. Yaron da bai kai bakwai ba, ba shi da abin yi a babban filin wasa. Daga bakwai zuwa goma sai a fara da shi daga wasannin unguwa da na makarantu. In ya kai goma, kuma an ga alamun hankali tattare da shi, to a lokacin ne uba zai iya riƙe hannunsa ya kai shi babban fili, shi ma bisa sharuɗɗa. Ga dalilanmu.

Na farko, a duba abin da ake nema daga jikin yaron. Wasa minti 90 ne, ga hutun rabin lokaci minti 15, ga ƙarin lokaci. Galibi ƙarfe 4 na yamma ake take wasa, amma mai son wurin zama sai ya yi sammakon shiga, ya bi layi a ƙofa, ya zauna kan siminti mai zafi. In aka haɗa da tafiya da dawowa, an doshi awa huɗu ko biyar. A watannin Maris da Afrilu zafi a Kano yakan haura digiri 40, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin galabaita da ƙishirwa. Ɗan shekara huɗu ba ya iya zama wuri ɗaya na rabin awa ko da a gida ne, balle a tsakiyar ganguna da ƙaho da ihun dubban mutane. Kafin a je hutun rabin lokaci ya fara kukan fitsari ko na yunwa, uban ya hasala don an hana shi kallo, a dawo gida kowa ransa a ɓace. Ashe ke nan uban ne ya je kallo, yaron rakiya kawai ya yi.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma, shi ne maganar rai. Mai karatu ya sani cewa a turmutsitsi ba sai an tattake mutum yake mutuwa ba. Mafi yawan waɗanda ke rasuwa matse su ake yi har ƙirji ya kasa buɗewa, numfashi ya yanke suna tsaye. Yaro kuwa fuskarsa iyakarta cikin manya ko ƙugunsu, ba ya ganin gaba, ba a jin muryarsa, kuma da hannunsa ya suɓuce daga na mahaifinsa shi ke nan. Barkonon tsohuwa ma ya fi yi wa yara illa, saboda hanyoyin numfashinsu ƙanana ne kuma sun fi manya saurin shaƙar iska.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a filin wasa na Accra, ana wasa tsakanin Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka rasu. A watan Janairun 2022, a ƙofar filin Olembe da ke Yawunde, lokacin wasan Kamaru da Komoros a gasar cin kofin Afirka, mutum 8 suka rasu, har da yara. Ranar 1 ga Oktoban wannan shekarar dai, a filin Kanjuruhan na ƙasar Indunusiya, mutum 135 suka rasa rayukansu bayan an harba barkonon tsohuwa, kuma fiye da 30 daga cikinsu yara ne. A watan Disambar 2024 a garin Nzerekore na ƙasar Gini, rigima kan hukuncin alƙalin wasa ta jawo turmutsitsin da gwamnati da kanta ta ce ya ci mutum 56, yara da yawa a cikinsu. Duk iyayen waɗannan yara da niyyar faranta musu rai suka bar su suka fita.

Wani zai ce ai waɗannan can nesa ne. To a dawo gida. A watan Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, magoya baya sun kutsa cikin fili bayan wasan Pillars da Rangers ta Inugu. A watan Afrilun 2022 an farfasa motar 'yan wasan Katsina United a Kano. A watan Oktoban 2025 kuma, da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa aka tashi kunnen doki, 1 da 1, wasu 'yan kallo suka afka wa alƙalai da 'yan wasan baƙi, har hukumar gasar ta ci tarar Pillars naira miliyan 9.5, ta zabtare mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Ba muna nufin Kano ce kaɗai ke da wannan hali ba, ba kuma muna shafa wa dubban masu kallo cikin mutunci kashin kaji ba ne. Abin da muke so uba ya tambayi kansa shi ne, da a ce yana wurin a ɗaya daga cikin ranakun nan, da ɗan shekara huɗu a kafaɗa da ɗan shekara shida a hannu, ta ina zai fita?

Na uku shi ne tarbiyya. Abin da yaro ke ji a gefen 'yan kallo ba wasa kaɗai ba ne. Yana jin manya masu gemu suna ɗura wa alƙalin wasa ashar, ana zagin iyayen 'yan wasa, yana ganin masu shaye-shaye da masu caca a kan sakamako, yana ganin ana jifa da ledar ruwa da duwatsu ana tafi. Ƙaramin yaro ba ya tacewa, abin da ya ga manya na yi shi ne daidai a wurinsa, ballantana in ya ji kalmar ta fito daga bakin mahaifinsa. Malamanmu suna kiran wajen shekara bakwai shekarun tamyizi, wato lokacin da yaro ya fara bambance mai kyau da mummuna, shi ya sa ma a nan ne ake fara umartarsa da salla, sannan a ƙara matsa masa in ya kai goma. Wannan mataki-mataki darasi ne ga mai hankali a sauran al'amuran yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan yake bushewa.

Akwai masu kafa hujja da Turai, wai suna gani a talabijin ana zuwa fili da jarirai. Su sani cewa Ingila ba ta kai ga haka ba sai da ta sha wuya. Bayan turmutsitsin filin Hillsborough a 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 97, mafi ƙanƙantarsu ɗan shekara 10, aka tilasta wa manyan ƙungiyoyi su mayar da filayensu na kujeru, kowane tikiti da lambar kujerarsa, kuma ƙungiyoyi da yawa suna da ɓangaren da aka keɓe wa masu iyali. Wanda zai kwaikwayi ɗaukar jariri sai ya fara tambaya ko an kwaikwayi wannan tsari a filin garinsu.

A ɗaya ɓangaren kuma, ba mu goyi bayan uban da zai ce har abada ɗansa ba zai leƙa fili ba. Yaron da aka hana ƙememe, da ya kai sha biyu zai sulale ya bi abokai, ya shiga ba kuɗin mota, ba babba a kusa, kuma wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Gara ranar farko ta kasance da hannun uba, ya ga yadda mutumin kirki yake murna in an ci, da yadda yake haƙuri ya kama bakinsa in an sha kashi. Kafin nan, filin makarantar firamare da gasar unguwanni sun ishi ɗan shekara bakwai ko takwas. Yana kusa da 'yan wasa, yana ganin ƙwallo sosai, kuma da ya gaji gida na nan kusa.

Shekaru kaɗai ba su isa ba, don wani ɗan goman bai kai wani ɗan takwas natsuwa ba. Uba ya jarraba ɗansa: yana iya kallon rabin wasa a zaune yana fahimtar abin da ake yi? Ya haddace cikakken sunan mahaifinsa da unguwarsu da lambar waya? In aka ce masa tashi mu tafi, yana tashi ba gardama? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, a jira baɗi, fili ba ya gudu.

In ranar ta zo, a zaɓi wasan da ba shi da zafi. A guji karawar maƙwabta masu jiƙaƙƙiya, da wasan da kofi ko faɗuwa daga gasa ya rataya a kansa. A daure a biya kuɗin ɓangaren rumfa, a zauna kusa da ƙofar fita. Babba ɗaya ya riƙe yaro ɗaya, kada mutum ya kwashi 'ya'yan maƙwabta biyar ya ce zai iya da su. A rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, a nuna masa inda zai tsaya in an rabu, a tafi da ruwa, a kuma sanar da mahaifiyarsa inda za a je da lokacin dawowa. A tsara yadda La'asar ba za ta salwanta saboda layin tikiti ba. Sannan a fito saura minti goma a tashi ko da wasan ya yi daɗi, domin a ƙarshen wasa rigima ta fi ɓarkewa, a lokacin ne kuma ƙofa take cushewa. Da haka yaro ya isa gida kafin Magariba.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumar gasar ƙwallo ta ƙasa da shugabannin ƙungiyoyi da gwamnatocin jihohin da suka mallaki filayen nan, su keɓe ɓangare na masu zuwa da yara, da ƙofarsa daban, su daina sayar da tikiti fiye da abin da fili zai ɗauka, su tabbata duk ƙofofin fita a buɗe suke kafin a tashi. Jami'an tsaro kuma su tuna cewa ƙa'idojin hukumar FIFA sun hana amfani da barkonon tsohuwa a cikin filin wasa. Amma kafin su yi nasu, nauyin yana wuyan uba, don shi aka ba amanar yaron, kuma shi za a tambaya.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya shirye su, Ya kare su daga sharrin taro. Wassalam.